Tarihin Annabi Irmiya, Mai Gargaɗin Da Ya Sayi Gona Ana Tsakiyar Yaƙi

Daga cikin annabawan Bani Isra'ila waɗanda labarinsu ya zo a Tsohon Alkawari na Littafi Mai Tsarki, da wuya a sami wanda aka san rayuwarsa dalla-dalla kamar Irmiya ɗan Hilkiya. Ya shafe shekara 40 yana gargaɗi a birnin Urushalima, watau Ƙudus, a zamanin sarakuna biyar, kuma Allah Ya ja kwanansa har ya ga aukuwar abin da ya yi ta faɗa. Littafin da ke ɗauke da sunansa yana da sura 52, masu karatun Hausa kuwa sun same shi cikin harshensu tun 1932, sa'ad da aka buga cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki wadda Likita Walter Miller na Zariya ya yi babban aiki a kanta. Malaman tarihin Musulunci, irin su Ɗabari da Ibn Kasir, su ma sun kawo labarinsa da sunan Armiya, kuma suna kiran sarkin Babila na zamaninsa Bukhtanassar. Saboda haka tarihinsa abin sani ne ga Kirista da Musulmi baki ɗaya, musamman waɗanda ke riƙe da amanar jama'a da waɗanda ke shirin riƙe ta.

Asalinsa Da Zamaninsa

Irmiya mutumin Anatot ne, wani ƙauye da ke wajen kilomita 5 arewa maso gabas da Urushalima, kuma gidansu gidan firistoci ne, watau masu hidimar ibada. A lokacin ƙasar Bani Isra'ila ta daɗe da rabuwa gida biyu. Daular arewa ta faɗi a hannun Assuriyawa tun shekarar 722 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kwashe mutanenta aka warwatsa, sai daular kudu kaɗai ta rage, wadda ake kira Yahuza. Duk shekarun da za a ambata na wancan zamani a baya-baya ake ƙirga su, watau adadin yana raguwa ne yayin da lokaci ke tafiya.

Kafin Irmiya ya fara aiki, Sarki Manassa ya yi shekara 55 a kan gado, ya cika ƙasar da gumaka har cikin Haikalin da Annabi Sulaimanu ya gina, ana ƙona 'ya'ya hadaya a kwarin Hinnom da ke gefen birni. Jikansa Yosiya ya hau sarauta yana ɗan shekara 8, kuma a shekara ta 13 ta sarautarsa, wajen 627, aka kira Irmiya ga annabci. Yana saurayi a lokacin, har ya nemi a ɗauke masa wannan nauyi bisa ga ƙuruciyarsa da rashin iya magana a gaban manya, amma ba a karɓi uzurinsa ba. An kuma hana shi yin aure, domin zamansa ba iyali ya zama alama ga mutane cewa masifar da ke tafe ba za ta ƙyale iyaye ko 'ya'ya ba.

A 622 aka tsinci littafin Attaura a cikin Haikali ana tsakiyar gyara, Yosiya ya sa aka karanta wa jama'a, ya rushe wuraren tsafi, ya tsabtace ibada. Irmiya ya girmama wannan sarki, ya shaide shi da yi wa talaka da matalauci adalci. Amma ya lura cewa gyaran ya tsaya ne a kan gine-gine da bukukuwa, zukatan mutane kuwa suna nan yadda suke. Ya kwatanta su da wanda ya bar maɓuɓɓugar ruwa mai gudu ya je ya haƙa wa kansa tafki mai tsaga wanda ba ya riƙe ko ɗigo.

Fadar Da Aka Gina Da Gumin Talaka

Duniya ta juya cikin 'yan shekaru kaɗan. Nineba, babban birnin Assuriya, ta faɗi a 612. A 609 Yosiya ya tare Fir'auna Neko na Masar a Magiddo, aka kashe shi a fagen fama. Ɗansa Yehoahaz ya yi wata uku kacal, Fir'auna ya tuɓe shi ya tafi da shi Masar, ya naɗa ɗan'uwansa Yehoyakim, ya ɗora wa ƙasar haraji mai nauyi na azurfa da zinariya.

A zamanin Yehoyakim ne aka ga irin ma'aunin da Irmiya yake auna lalacewar addini da shi. Talakawa suna fama da harajin Masar, sai ga sarki ya tashi gina sabuwar fada mai benaye da manyan tagogi, da rufin katakon al'ul da jan fenti, yana sa mutane aiki ba ya biyansu ladansu. Irmiya ya fito fili ya la'anci wannan gini, ya tuna wa sarki cewa ubansa ya ci ya sha kamar kowane sarki, duk da haka ya tsare haƙƙin marasa ƙarfi, kuma a wurinsa wannan shi ne sanin Allah. Haka nan ya zargi alƙalai da ƙin sauraron ƙarar maraya, ya zargi attajirai da cika gidajensu da dukiyar zamba, ya zargi firistoci da annabawan ƙarya da shafa wa babban rauni magani sama-sama suna shelar zaman lafiya alhali babu ita.

Mutanen Urushalima sun sakankance cewa tun da ɗakin Allah yana cikin birninsu, babu abokin gaban da zai iya cinsa. Wata rana Irmiya ya tsaya a ƙofar Haikali ya gaya wa masu shiga cewa wanda ya yi sata da kisa da rantsuwar ƙarya, sa'an nan ya ruga ɗakin ibada yana ganin ya tsira, ya mai da wurin maɓoyar 'yan fashi ke nan. Ya ce su je su dubi kufan Shilo, inda wurin ibadar kakanninsu ya taɓa zama, domin abin da ya sami Shilo yana iya samun Urushalima. Nan take firistoci da annabawa suka kama shi suka nemi a kashe shi. Waɗanda suka cece shi kuwa manyan ma'aikatan fada ne, waɗanda suka zauna suka saurari ƙarar, da waɗansu dattawan ƙasa da suka tunatar cewa Annabi Mika ya taɓa yin irin wannan gargaɗi a zamanin Sarki Hezekiya ba a taɓa lafiyarsa ba. Wani babban bafade, Ahikam ɗan Shafan, ya tsaya masa. Wani annabi mai suna Uriya, wanda ya yi wa'azi iri ɗaya amma bai sami mai tsaya masa ba, ya gudu Masar, sarki ya aika aka kamo shi aka kashe.

Irmiya yakan haɗa wa'azinsa da abin da ido zai gani. Ya je gidan maginin tukwane ya ga yadda yumɓu yakan lalace a hannun magini ya sake murɗa shi ya gina wata tukunya, ya nuna cewa ƙofar tuba a buɗe take muddin yumɓun bai bushe ba. Daga baya ya sayi tulu ya fasa shi a gaban dattawa a kwarin Hinnom, domin su gane abin da ke faruwa idan an bari lokaci ya wuce. Saboda wannan ne Fashur, shugaban masu tsaron Haikali, ya sa aka yi masa duka aka sa shi a turu ya kwana.

Takardar Da Sarki Ya Ƙone

A 605 Nebukadnezzar na Babila ya ragargaza rundunar Masar a Karkemish, a bakin Kogin Yufiretis, ikon yankin duka ya koma hannunsa. A shekarar nan Irmiya ya kira magatakardansa, Baruk ɗan Neriya, ya yi masa shifta ta dukan gargaɗin da ya yi cikin shekara fiye da 20. Da yake an hana shi shiga Haikali, Baruk ne ya je ya karanta takardar a gaban jama'a a wata ranar azumi. Labari ya kai ga manyan ma'aikata, suka kira shi ya sake karanta musu, suka firgita, suka ga lalle ne sarki ya ji. Amma da yake sun san halin maigidansu, sai da suka ce wa Baruk ya je su ɓuya shi da Irmiya tukuna.

Lokacin sanyi ne, sarki yana zaune da kaskon wuta a gabansa. Duk sa'ad da mai karatu ya karanta shafi uku ko huɗu, sai sarki ya sa wuƙar fiƙe alƙalami ya yanke ya jefa a wuta, har takardar ta ƙare. Mutum uku daga cikin fadawa, Elnatan da Delaya da Gemariya, suka roƙe shi ya bari, bai saurare su ba, ya ma ba da umurni a kamo annabin da magatakardansa, ba a same su ba. Irmiya ya ɗauki wata takarda ya sake yin shiftar daga farko, har da ƙari mai yawa. Ƙona takardar bai rage komai daga haɗarin da ke cikinta ba, illa dai ya hana sarki damar yin shiri.

Yehoyakim ya yi wa Babila mubaya'a, sa'an nan ya tayar, ya mutu kafin sakamakon ya iso. Ɗansa Yehoyakin ya yi wata uku ya miƙa wuya. Allunan tarihin Babila, waɗanda ke ajiye a gidan kayan tarihi na birnin Landan, sun nuna an ci Urushalima a watan Maris na 597. Aka kwashe sarki da iyalinsa da manyan ƙasa da maƙera da masassaƙa, mutum wajen 10,000 bisa ga lissafin Littafin Sarakuna, aka naɗa baffansa Zadakiya.

Karkiya Da Wasiƙa

Zadakiya mutum ne mai rauni, yana jin tsoron fadawansa fiye da yadda suke jin tsoronsa. Jakadun ƙasashen maƙwabta suka taru a Urushalima suna ƙulla tawaye, sai Irmiya ya saƙala karkiyar shanu a wuyansa ya fito, yana nuna cewa wanda ya haƙura da mulkin Babila zai tsira da ransa da ƙasarsa. Wani mai da'awar annabci, Hananiya, ya karya karkiyar a bainar jama'a, ya yi alkawarin cewa cikin shekara 2 za a dawo da kamammu da kayan Haikali. Jama'a sun fi son jin wannan. Hananiya ya mutu bayan wata biyu, kamammun kuwa ba su dawo ba.

Ga waɗanda aka kai Babila, Irmiya ya aika da wasiƙa yana ba su shawara su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su kuma yi wa birnin da aka kai su addu'ar zaman lafiya, gama lafiyarsu tana rataye da tasa. Ya gaya musu cewa zaman zai kai shekara 70, bayan haka za a komo da su. Wannan wasiƙa ita ce farkon nuna cewa mai tsananin gargaɗin nan yana ɗauke da bushara.

Ƙawanya

Zadakiya ya dogara ga alkawarin Masar ya yi tawaye. A wata na 10 na shekara ta 9 ta sarautarsa rundunar Babila ta yi wa birnin ƙawanya. Da wuya ta yi wuya, sarki da manya suka yi rantsuwa a Haikali suka 'yanta bayinsu Ibraniyawa kamar yadda Attaura ta umurta. Ba da daɗewa ba sojojin Masar suka ɓullo, Babilawa suka janye na ɗan lokaci domin su tare su, sai iyayengijin nan suka bi bayin da suka saki suka sake kamo su. Irmiya ya ɗauki wannan cin amana a matsayin hujja ta ƙarshe a kan birnin.

A wannan ɗan sarari ya nufi ƙauyensu domin wata maganar gado, mai tsaron ƙofa ya kama shi da zargin zai koma wajen abokan gaba, aka yi masa duka aka kulle. Sarki ya sa aka kawo shi a asirce ya tambaye shi ko akwai wani saƙo, amsar kuwa ba ta canja ba. Aka mai da shi farfajiyar matsara, ana ba shi gurasa ɗaya kowace rana daga unguwar masu toya gurasa. Da ya ci gaba da cewa a miƙa wuya a ceci rayuka, fadawa huɗu suka ce yana karya zuciyar mayaƙa, suka jefa shi a wata rijiyar tara ruwan sama wadda ba kome a cikinta sai laka. Wanda ya fid da shi baƙo ne, Ebed-melek mutumin Kush, ƙasar da ke kudu da Masar inda Sudan take a yau. Ya tunkari sarki a ƙofar birni ya faɗi cewa an yi zalunci, ya sami izini, ya jefa wa tsohon tsummoki ya sa a hammata don kada igiya ta yanke shi, aka jawo shi. Masu tonon tarihi sun sami hatiman biyu daga cikin fadawan nan huɗu a Urushalima, na Yehukal ɗan Shelemiya a 2005 da na Gedaliya ɗan Fashur a 2008.

Yana nan tsare a farfajiyar, ana jin motsin abokan gaba a bayan ganuwa, sai ɗan baffansa Hanamel ya zo yana tallar gonarsa ta Anatot, tun da Irmiya ne ke da haƙƙin fansarta a dangi. Gona ce a ƙasar da ke hannun sojojin Babila, wadda mai hankali ba zai ba da ko anini a kanta ba. Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa ya biya, aka rubuta takardar ciniki kofi biyu, ɗaya a liƙe da hatimi ɗaya a buɗe, shaidu suka sa hannu, ya ba Baruk ya ce a ajiye su a cikin tulun ƙasa domin su daɗe. Ma'anar ita ce za a sake sayen gidaje da gonaki a wannan ƙasa. A wannan zamani ne kuma ya yi bushara da sabon alkawari, wanda za a rubuta shari'arsa a zukatan mutane, abin da gyaran Yosiya ya kasa kaiwa gare shi.

Faɗuwar Birni Da Ƙarshen Rayuwarsa

A wata na 4 na shekara ta 11, watau 586, ko 587 a lissafin waɗansu masana, yunwa ta ci ƙarfin birnin, aka huda ganuwa. Zadakiya ya gudu da dare, aka kama shi a filayen Yariko, aka kai shi Ribla, aka yanka 'ya'yansa a gabansa sa'an nan aka ƙwaƙule masa idanu. Bayan wata guda aka ƙone Haikali da fada, aka rushe ganuwa, aka sake kwasar mutane. Matalautan da ba su da kome su aka bari, aka raba musu gonaki.

Babilawa suka ba Irmiya zaɓi, ko ya bi su a riƙe shi da daraja, ko ya zauna. Ya zaɓi zama tare da sauran talakawa a Mizfa a ƙarƙashin gwamna Gedaliya, ɗan Ahikam ɗin nan da ya taɓa cetonsa. Ba a jima ba wani ɗan gidan sarauta, Isma'ilu ɗan Netaniya, ya kashe gwamnan. Sauran jama'a suka tsorata, suka nemi shawarar Irmiya, bayan kwana 10 ya ce su zauna a ƙasarsu, suka ƙaryata shi, suka tafi da shi da Baruk zuwa Tafanes ta Masar. Can ne aka ji wa'azinsa na ƙarshe, kuma wata tsohuwar ruwaya ta ce mutanensa ne suka jefe shi har ya mutu. Bai taɓa noma gonar Anatot ba. A 539 Sairus na Farisa ya ci Babila, a shekara mai biye ya ba da izinin komawa, aka gama sabon Haikali wajen 516, shekara 70 bayan ƙona na farko.

Darasi Daga Kufai

Labarin gari ya zama kufai sa'an nan ya sake rayuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kuma mutanen Ruma, watau yankin Batsari da Safana a yammacin Jihar Katsina, sun fi kowa saninsa. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, tsohon gidan sarauta ya koma arewa ya kafu a Maraɗi, aka yi shekaru ana kai wa juna hari, garuruwa da yawa na wannan yanki suka tashi, daji ya cinye gonakinsu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya bi ta Kurfi da Zakka a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya ratsa dajin cikin fargabar mahara, yana wuce kufai. Da yaƙe-yaƙen suka ƙare a farkon ƙarni na 20, mutane suka koma suka yi sassabe, kasuwanni suka sake ci. A wannan ƙarni kuma 'yan bindiga daga Dajin Rugu suka sake tayar da ƙauyuka, kamar harin Tsauwa da Dankar na watan Fabrairu 2020 wanda aka kashe mutum 30, manoma da yawa suka bar gonakinsu suka yi gudun hijira.

Kuskure ne babba a ɗauki tarihin Irmiya a ce wanda masifa ta faɗa wa shi ne mai laifi. Shi kansa ya sha yunwar ƙawanyar tare da talakawa, ya yi kuka dominsu har ake masa laƙabi da annabi mai kuka, kuma waɗanda ya ɗora wa alhakin sanannu ne: sarkin da ya hana ma'aikaci ladansa, da alƙalin da ya juya wa maraya baya, da malamin da ya gaya wa masu mulki abin da suke so su ji. A wurinsa lalacewar ibada da lalacewar adalci ciwo ɗaya ne, hukunci kuwa yakan zo bayan an yi ta aiko da gargaɗi ana ƙonawa.

Ma'aikacin gwamnati zai ga kansa a cikin wannan tarihi, gama kowane lokaci ran Irmiya ya rataya ne a kan shawarar wani ma'aikaci. Akwai Ahikam da ya tsaya a yi shari'ar gaskiya, da Baruk da ya sake rubuta abin da aka ƙone, da Ebed-melek da ya faɗa wa sarki gaskiya a bainar jama'a, akwai kuma huɗun nan da suka ga rufe bakin mai ba da rahoto ya fi sauƙi bisa ga gyara abin da ya faɗa. Ɗalibi kuma zai lura cewa fatan alherin Irmiya ya zo ne da awon azurfa da shaidu da takarda a cikin tulu. Wanda ya yi imani cewa ƙauyukan Ruma za su sake cika, aikinsa ke nan tun yanzu: a tsare haƙƙin mai gona har ya dawo, a biya ma'aikaci ladansa, a kuma kai rahoton gaskiya inda ya kamata ko da ba a son jinsa. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya ba shugabanni kunnen sauraro, amin.